Ranar da Aka Rufe Sunan Kwalba: Tarihin Gonakin Inabin Bargandi da Gwajin 1976

Ranar 24 ga Mayu, 1976, a otal ɗin InterContinental da ke birnin Faris, aka zaunar da mutum tara daga cikin waɗanda ƙasar Faransa ke ji da su wajen sanin ruwan inabi. Aka jera musu kofuna, aka zuba musu iri 20, goma fari goma ja, ba tare da an nuna musu sunan ko ɗaya ba. Aikinsu shi ne su sansana, su kurɓa, su juya a baki, su tofar, sannan su ba kowanne maki daga cikin 20. Kafin la'asar ta yi sanyi, sakamakon ya taɓa wani suna da aka yi shekaru ɗaruruwa ana ginawa.

'Yan'uwa matasa, wani zai ce me ya haɗa zumuntarmu da zancen ruwan inabi. Yawancin ikkilisiyoyinmu suna koyar da kamewa daga duk abin da ke sa maye, dokar jiharmu ma ta hana cinikinsa tun shekarar 2000, kuma wannan rubutu ba gayyata ba ce zuwa ga kwalba. Sai dai kurangar inabi ta cika Littafi Mai Tsarki tun daga gonar Nuhu har zuwa teburin Jibin Ubangiji, kuma tarihin gonakin da za mu yi magana a kai rabinsa tarihin ikkilisiya ne. Ban da haka, tambayar da aka yi a Faris a ranar nan ita ce ake yi kowace Alhamis a kasuwar Maigatari: in an cire suna, me ya rage a cikin buhu?

Yadda sufaye suka gina sunan

Bargandi yanki ne a gabashin Faransa, kudu maso gabas da Faris. Gonakinsa mafi suna suna kwance ne a gefen wani dogon tudu da ya taso daga birnin Dijon ya bi ta garin Beaune ya yi kudu, tsawon kimanin kilomita 60, faɗinsa kuwa a wurare da yawa bai wuce abin da mutum zai taka da ƙafa cikin 'yan mintuna ba. Ana noman inabi a wurin tun zamanin mulkin Romawa, amma waɗanda suka mayar da shi sana'a mai tsari su ne sufayen Kirista, wato mazan da suka keɓe kansu a gida ɗaya domin addu'a da aikin hannu, ba aure, ba dukiyar kai.

An kafa babban gidansu na Cluny a shekarar 910. A 1098 wasu da suka ga rayuwar sufanci ta fara yin laushi suka ware suka kafa gidan Citeaux a cikin wani daji mai dausayi kudu da Dijon, da niyyar komawa ga talauci da aikin gona. Suna bukatar ruwan inabi domin Jibin Ubangiji, da baƙi, da marasa lafiya, rarar kuma a sayar a riƙe gida. Sarakai da attajirai suka yi ta ba su kyautar filaye a gefen tudun nan.

Sufayen suna da abubuwa biyu da talakan manomi bai da su. Na farko, sun iya karatu da rubutu, suna ajiye lissafi. Na biyu, gonarsu ba ta shiga rabon gado. Sufi ya mutu, wani ya ɗauki fartanyarsa a fili ɗaya, ya ɗora daga inda na baya ya tsaya. Da haka, tsara bayan tsara, aka gane cewa inabin da ya fito daga tsakiyar tudu ya bambanta da na gindinsa inda ruwa ke kwanciya, kuma fili biyu da siririyar hanya ce kawai ta raba su suna iya ba da ɗanɗano biyu. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Manomin Gagarawa ko Sule Tankarkar ya san abin da jigawa ke so da abin da fadama ke so, ya san gonar da geronta ya fi auki da wadda gyaɗarta ta fi mai. Sunan jiharmu kansa sunan irin ƙasa ne.

Sufayen Citeaux suka zagaye babbar gonarsu ta Vougeot da katangar dutse, wadda aka kammala wajen 1336, fili mai kimanin hekta 50. A 1395 mai mulkin yankin, Duke Philip, ya ba da umarni a tumɓuke wani irin inabi mai suna gamay, wanda ke ba da yabanya mai yawa amma ruwansa bai kai na pinot noir ba. Ya zaɓi inganci a kan yawa, domin ya san sunan ƙasarsa yana tafiya cikin kowace ganga da aka fitar. A 1443 kuma wani babban jami'in fada, Nicolas Rolin, da matarsa Guigone de Salins, suka gina asibitin matalauta a Beaune. Masu hali suka riƙa ba asibitin kyautar gonakin inabi, kuma tun 1859 ake gwanjon amfanin gonakin nan domin hidimar marasa lafiya. Har yau ana yin gwanjon, a Lahadi ta uku ta watan Nuwamba.

Suna ya zama kuɗi

Juyin juya halin Faransa da ya fara a 1789 ya ƙwace filayen ikkilisiya ya sayar. Daga baya dokar gado ta zamanin Napoleon, wadda ke raba dukiya tsakanin 'ya'ya, ta yi ta tsaga gonaki. Gonar Vougeot da ta shekara ɗaruruwa a hannu ɗaya yau tana da masu mallaka fiye da 80. Dukansu suna da izinin rubuta suna ɗaya a jikin kwalba, amma hannu ba ɗaya ba ne, himma ma ba ɗaya ba ce. Daga nan aka fara samun rata tsakanin abin da aka rubuta a waje da abin da ke ciki.

A ɗaya yankin da ke gogayya da Bargandi, wato Bordo a kudu maso yammacin ƙasar, an ɗaure suna da kuɗi a hukumance. A 1855, lokacin babban baje kolin duniya a Faris, sarki Napoleon na Uku ya so a nuna wa baƙi jerin mafi kyawun ruwan inabin Bordo. Dillalai suka tsara gidaje zuwa aji biyar, kuma ma'aunin da suka yi amfani da shi shi ne farashin da kowane gida ya saba samu a kasuwa. Gida huɗu suka shiga ajin farko. Jerin nan ya tsaya kusan yadda yake har yau. Babban canjin da aka yi masa shi ne ɗaga gidan Mouton Rothschild zuwa ajin farko a 1973, bayan shekara 118.

Akwai wani abu kuma da masu alfahari da ƙasar Faransa ba su cika son tunawa ba. Daga wajen 1863 wani ɗan ƙaramin ƙwaro da ya shigo daga Amurka ya kama cin saiwar kurangar inabi, ya yi ta kashe gonaki har sai da ya kusa share noman daga Turai. An gwada magunguna iri-iri ba su yi ba. Abin da ya ceci gonakin shi ne aure, irin wanda ake yi wa mangwaro: aka dasa kurangar Amurka wadda saiwarta ke jure ƙwaron, aka aura mata reshen kurangar Faransa. Saboda haka kusan kowace kuranga da ke Bargandi a yau, reshenta Bafaranshe ne, saiwarta Ba'amurkiya.

Ƙarancin da annobar ta jawo ya buɗe ƙofar algus. Aka riƙa kawo ruwan inabi mai araha daga wasu wurare ana zubawa a gangunan da ke ɗauke da manyan sunaye. Domin toshe wannan, a 1935 gwamnati ta kafa dokar kare sunan wuri, wadda ta fayyace iyakar kowane fili, irin da za a shuka, da yawan amfanin da aka yarda a ɗiba. A 2015 hukumar UNESCO ta sa filayen Bargandi 1,247, kowanne da sunansa da iyakarsa, cikin kayan tarihin duniya.

Abin da ya faru a Faris

Wanda ya shirya gwajin 1976 wani Bature ne ɗan Ingila, Steven Spurrier, mai shagon ruwan inabi da 'yar makarantar koyar da ɗanɗano a Faris, tare da abokiyar aikinsa Ba'amurkiya, Patricia Gallagher. A shekarar nan Amurka ke cika shekara 200 da samun 'yanci, sai suka ga dama ce ta nuna wa Faransawa abin da wasu ƙananan manoma ke yi a Kalifoniya. A kowane rukuni aka sa shida na Kalifoniya da huɗu na Faransa: farare daga Bargandi, jajaye daga Bordo. Spurrier kansa kayan Faransa yake sayarwa, kuma bai zaci baƙin za su yi nasara ba.

Alƙalan ba ƙananan mutane ba ne. Akwai Pierre Bréjoux, babban sufeto a hukumar da ke kare sunayen wurare. Akwai Aubert de Villaine na gidan Romanée-Conti, gonar da ta fi kowace tsada a Bargandi. Akwai Odette Kahn, editar babbar mujallar ruwan inabi ta ƙasar, da masu manyan gidajen abinci na Faris. An gayyaci 'yan jarida, amma ɗaya ne kawai ya zo, George Taber na mujallar Time. Shi yana riƙe da jerin sunayen, don haka yana ji yana gani alƙalai suka riƙa ruɗewa: wani ya yaba wa na Kalifoniya yana zaton na gida ne, wani ya kushe na gida yana zaton baƙo ne.

Da aka haɗa maki, a rukunin farare Chateau Montelena na 1973 daga kwarin Napa ya zo na ɗaya, na Bargandi daga garin Meursault ya bi shi. Wanda ya haɗa na ɗayan, Mike Grgich, ɗan ci-rani ne daga Kuroshiya. A rukunin jajaye Stag's Leap na 1973 ya zo na ɗaya, a gaban Mouton Rothschild da Haut-Brion, gidaje biyu na ajin farko. Mai shi, Warren Winiarski, tsohon malami ne a jami'ar Shikago da ya bar aji ya koma gona, kuma kurangar da ya ɗebi inabin shekararta uku kacal da dasawa. Odette Kahn ta nemi a mayar mata da takardar makinta. Ba a ba ta ba.

A yi wa Faransawa adalci. A rukunin jajaye su suka ɗauki na biyu da na uku da na huɗu, tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu kuma 'yar kaɗan ce. Alƙalan ma sun saɓa wa juna ƙwarai, abin da wani ya ɗaga wani ya kayar. Aikin sufaye da na jikokin manoman Bargandi bai zama ƙarya ba a ranar nan. Abin da ya faɗi shi ne imanin cewa ƙasa ɗaya ce kawai a duniya za ta iya. Manoma a Ostireliya, Chile da Afirka ta Kudu suka sami ƙarfin gwiwa. Wasu Faransawan ma suka ɗauki darasi: gidan Drouhin na Beaune, wanda kayansa na cikin gwajin, ya je ya sayi fili a jihar Oregon ta Amurka a 1987. Da aka maimaita gwajin jajayen a 2006, bayan shekara 30, domin a ga wanda ya fi jure tsufa, na Kalifoniya ne suka ɗauki matsayi biyar na farko. Kwalaben da suka yi nasara a 1976 suna ajiye yau a gidan tarihin Smithsonian a birnin Washington.

Ido yana riga harshe

Me ya sa sai an rufe suna kafin gwani ya faɗi gaskiyar harshensa? Masu bincike sun bi wannan tambaya. A 2001, a jami'ar Bordo, Frédéric Brochet da abokan aikinsa suka ba ɗalibai 54 masu koyon ilimin ruwan inabi farin ruwan inabi da aka rina da jan launi marar ƙanshi. Ɗaliban suka siffanta ƙanshinsa da kalmomin da ake siffanta ja da su. A 2008 wasu masu bincike a Kalifoniya suka ba mutum 20 ruwan inabi suna kwance cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Abu ɗaya aka ba su sau biyu, sau ɗaya aka ce dala 5 ne, sau ɗaya aka ce dala 45. Suka ce mai tsadar ya fi daɗi, kuma sashen ƙwaƙwalwar da ke nuna jin daɗi ya fi motsawa. Ba ƙarya suka yi ba. Farashin ne ya shiga bakinsu kafin abin sha ya shiga.

Inda ido ke riga harshe, mayaudari ya sami kasuwa. Wani ɗan Indonesiya mazaunin Kalifoniya, Rudy Kurniawan, ya yi shekaru yana haɗa ruwan inabi a gidansa, yana zubawa a tsofaffin kwalabe, yana manna musu takardun manyan gidajen Bargandi, attajirai suna saye da miliyoyin daloli suna yabawa. A 2008 ya kai gwanjo wasu kwalabe masu sunan gidan Ponsot da ke ɗauke da shekarun 1945 zuwa 1971. Mai gidan, Laurent Ponsot, ya taso daga Faransa ya zo ya tsayar da cinikin, domin iyalinsa ba su fara yin wannan nau'i ba sai 1982. An kama Kurniawan a 2012, aka yanke masa ɗaurin shekara 10 a 2014. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wanda ya san tarihin gidansu ne ya gano ƙarshensa.

Abin ci da abin sha

Ku lura da wani abu a gwajin Faris: ba a kawo abinci ba. A irin wannan zama ruwa da busasshen burodi kawai ake ajiyewa, domin duk abin da ya riga shiga baki yana canza wanda ya biyo shi. Mun san wannan tun muna yara. Wanda ya sha rake sannan ya sha lemo zai ce lemon ya yi tsami. Wanda ya ci goro ya kora da ruwa zai ji ruwan ya yi zaƙi.

A kan wannan ne aka gina ilimin haɗa abin ci da abin sha. Jan ruwan inabi yana da ɓauri daga ɓawon inabin da ƙwallonsa, irin ɓaurin goro da na shayi mai kauri. Wannan ɓauri yana kama sinadarin da ke sa miyau santsi, shi ya sa baki ke bushewa. In an haɗa shi da nama mai kitse, sai maiƙon ya rage ɓaurin, ɓaurin kuma ya wanke maiƙon. Tsami yana yanke maiƙo, gishiri yana danne ɗaci, abinci mai zaƙi kuma yana sa abin sha ya ƙara tsami. Shi ya sa mutanen Bargandi ke haɗa jan nasu da naman shanu da aka daɗe ana dafawa, farin kuma da kifi, kaza ko cuku. Ba wani malami ne ya zauna ya tsara musu ba. Abin da ƙasarsu ke bayarwa ne suka yi ta ci tare har baki ya zaɓi abin da ya dace. Sufayen Citeaux, waɗanda gonakin inabi suka fita daga hannunsu, yau cuku suke yi.

Iyayenmu mata sun kai ga dokokin nan ba tare da kwalba ba. Koko mai ɗan tsami yana tafiya da ƙosai mai mai. Tsamin nono yana ɗaga fura. Zoɓo mai sanyi bayan tsire yana wanke baki, shayin Buzaye bayan gasasshen nama ma haka. Tsamiya a kunu, lemon tsami a kan kifi, yaji da albasa a gefen balangu, duk lissafi ɗaya ne. Wanda ya ƙi giya bai rasa komai na wannan ilimi ba.

Uban biki a Kana

Gwajin rufe suna mafi daɗewa da yawancinmu muka sani yana cikin sura ta biyu ta Bisharar Yahaya. A bikin aure a Kana ta Galili ruwan inabi ya ƙare. Yesu ya sa aka cika randunan dutse shida da ruwa, aka ɗiba aka kai wa uban biki. Marubucin ya kula ya gaya mana cewa mutumin bai san inda abin ya fito ba, masu hidima ne kaɗai suka sani. Da ya san daga randar wanke hannu aka ɗebo, wa ya san abin da harshensa zai ce? Da yake bai sani ba, ya faɗi abin da ya ji: wannan ya fi na farko. Ya kuma ambaci dabarar masu biki ta fara fitar da mai kyau, a ajiye na baya sai baki ya dakushe, abin da masu gwaji na yau suka sani har suke tofarwa maimakon haɗiyewa.

Amma ku duba wanda ya yaba wa. Ango ya kira, mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Harshensa ya gane inganci, bai gane mai aikin ba. Waɗanda suka ɗebo ruwa, marasa suna a labarin, su ne suka san gaskiyar duka. Gwajin rufe suna yana iya gaya maka abu mai kyau ne, amma sanin inda ya fito sai wanda ya tsaya kusa da aikin.

Game da abin da ke cikin ƙoƙon Jibi a yawancin majami'unmu, shi ma yana da tarihi. Bafaranshen masanin kimiyya Louis Pasteur ya gano a shekarun 1860 cewa ɗumama ruwan inabi yana kashe ƙananan halittun da ke lalata shi. A 1869 wani likitan haƙori ɗan ikkilisiyar Methodist a garin Vineland na Amurka, Thomas Welch, ya yi amfani da dabarar a kan sabon ruwan inabi domin ya hana shi tsimuwa, saboda ya ƙi a miƙa wa masu fama da shaye-shaye abin sa maye a teburin Ubangiji. Da farko mutanen majami'arsa ba su karɓa ba, ɗansa Charles ne ya yaɗa abin daga baya. Ikkilisiyoyi masu koyar da kamewa suka rungume shi, kuma ta hannun irinsu ne bishara ta iso wurare da yawa a ƙasar Hausa. Katolika da wasu ikkilisiyoyi kuwa suna nan a kan tsohuwar al'ada.

Sunan da ke kan buhunmu

Ana noman inabi a arewa, musamman a Kudan kusa da Zariya, ana cinsa a matsayin kayan marmari. Mu a nan ƙasar Gumel ba mu da kuranga, amma muna da abin da Bargandi ke da shi: sunan wuri da ya zama ma'aunin kaya. A cinikin riɗin da Najeriya ke fitarwa waje, 'yan kasuwa suna kiran wani nau'i mai haske da sunan Maigatari, kuma mai saye a Turkiyya ko Japan da bai taɓa taka garin ba yana neman sa da wannan suna. Zoɓon da ake tarawa a yankinmu yana kaiwa har Meziko, inda ake jiƙa shi a sha kamar yadda muke yi. Wannan suna ba mu muka gina shi ba. Iyaye da kakanni ne suka yi ta kai kaya mai tsabta kasuwa har baƙo ya yarda.

Abin da aka gina a hankali yana iya rushewa da sauri. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Hanin bai tambayi wane ne ya zuba maganin ba. Ya hau kan mai gaskiya da marar gaskiya, domin suna ɗaya ke kan buhunansu. Matashin da ya zuba yashi a gindin buhun riɗi, ko ya yayyafa wa zoɓo ruwa don ya yi nauyi, ya ci ribar Alhamis ɗaya ne da sunan gari duka. A can inda kayan za su sauka kuwa akwai ɗakin gwaji, inda ake ɗibar samfur a auna damshi da datti da mai, ba a tambayar ɗan wane ne ya noma. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ɗaya gefen darasin ya shafi yadda muke auna mutane. Alƙalan Faris ba mugaye ba ne, gwanaye ne da suka saba ganin suna kafin su kurɓa. Mu ma mukan ji sunan gida, ko ƙauye, ko makaranta, ko yaren mutum, mu gama yanke hukunci kafin ya buɗe baki. Wasiƙar Yakubu sura ta biyu ta tsawata wa ikkilisiya a kan ba mai kyakkyawar riga wuri mai kyau a bar matalauci a tsaye. Wanda kuma ya taɓa neman aiki ko gurbin karatu aka tsaya a kan sunansa ya san zafin abin, bai kamata ya yi wa wani ba. Ɗan ci-rani daga Kuroshiya da malamin da ya bar aji ba su da katangar 1336, amma da aka ba aikinsu dama ya yi magana, ya yi.

Ga abin da za mu iya gwadawa a taron zumunta. Mutum biyar su kawo zoɓo ko kunun aya, kowa da haɗinsa. Mutum ɗaya da ba zai yi alƙalanci ba ya juye su a jarkoki iri ɗaya ya sa musu lamba, ya ɓoye takardar sunayen. A ajiye ruwa da burodi domin wanke baki tsakanin kofi da kofi. Kowa ya rubuta makinsa shiru, kada ya leƙa na maƙwabci, sannan ya rubuta wanda yake zaton ya haɗa kowanne. Bayan an tattara takardu sai a buɗe sunaye, a kawo ƙosai ko tsire a sake kurɓawa, a ga ko jerin zai canza. A kuma tabbata an gode wa waɗanda suka ɗebo ruwa suka wanke kofuna. Ubangiji ya ba mu hannu mai gaskiya a kasuwa, da ido marar tara a cikin ikkilisiya.